Gaskiya ko Ƙarya: Yadda Ake Tace Tambayoyin Tarihi da Raba Gardama a Gasar Kacici-kacici

A gasar kacici-kacici, ko ta makaranta ce ko ta gidan rediyo ko ta ƙungiyar ɗalibai, babu zagayen da ya kai na "gaskiya ko ƙarya" saurin tayar da ƙura. Tambayar da ke neman suna ko shekara tana ba ɗalibi damar ya yi bayani, alƙali kuma ya auna. Wannan kuwa amsa biyu ce tak, babu ta uku. Idan jimlar da aka karanto rabinta daidai ne rabinta kuskure, duk abin da yaro ya faɗa za a samu mai hujjar cewa ya ci, a samu mai hujjar cewa ya faɗi. Mafi yawan gardamar da ake tafkawa a zauren gasa daga ginin jimla take tasowa, tarihin kansa sau da yawa ba shi da wani rikici. Shi ya sa raba gardama yake farawa tun a kan teburin mai rubuta tambayoyi, makonni kafin ranar gasa.

Mataki na farko: a rarraba jimlar gida-gida

Kowace jimlar tarihi tana ɗauke da abu huɗu: wane ne, me ya yi, yaushe, a ina. Ka rubuta jimlar, ka ja layi ƙarƙashin kowane ɗaya, sannan ka tambayi kanka wanne ne kake gwada ɗalibi a kansa. Ɗaya kawai ya kamata ya zama abin gwaji. Sauran ukun dole su kasance daidai, ba tare da wata tababa ba.

Duba wannan: "Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a watan Fabrairu na 1903." Kano ta faɗi a farkon Fabrairu, amma Sakkwato sai tsakiyar Maris. Magana biyu ce aka cusa cikin jimla ɗaya. A raba su, kowace ta tsaya da ƙafarta. Duk inda ka ga "da", "kuma" ko "sannan" a tsakiyar tambaya, ka tsaya ka sake dubawa.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne da'awar da ke ɓoye a gefen jimla. Misali: "Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya gina birnin Sakkwato, ya rasu a 1817." Mai rubutawa shekarar rasuwa yake nufi, kuma daidai ce. Amma ɗalibin da ya yi karatu da kyau ya san ɗansa Muhammadu Bello ne ya gina Sakkwato a 1809, Shehu kuwa yana Sifawa, bai koma can ba sai 1815. Wannan ɗalibi zai ce ƙarya, a hana shi maki saboda ya fi mai tambayar sani. Maganin abin mai sauƙi ne: a cire duk wani ƙarin bayani da ba a buƙata. "Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817." Shi ke nan.

Mataki na biyu: kalmomin da ke kunna wuta

Akwai 'yan kalmomi da kusan duk gardama ke bin sawunsu: "na farko", "kaɗai", "ya kafa", "bai taɓa ba", da sunayen muƙamai. A nan ya kamata mai tace tambayoyi ya fi ɓata lokacinsa.

Ɗauki wadda kusan kowace gasa take yi: "Nnamdi Azikiwe ne shugaban ƙasar Najeriya na farko." Ranar 1 ga Oktoba 1960 Najeriya ba ta da wani mai wannan muƙami. Sarauniyar Ingila ce a matsayin shugabar ƙasa, Gwamna-Janar Sir James Robertson yana wakiltarta, kuma Azikiwe bai gaje shi ba sai a watan Nuwamba na wannan shekara. Mai riƙe da gwamnati shi ne Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya hau wannan kujera tun 1957, kafin 'yancin kai. Azikiwe ya zama shugaban ƙasa ne ranar 1 ga Oktoba 1963 da Najeriya ta zama jamhuriya, kuma muƙamin na girmamawa ne. Shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko da aka zaɓa shi ne Alhaji Shehu Shagari a 1979. Jimlar gaskiya ce, amma ɗalibi zai iya tsayawa ya ce shi ya fahimci ana nufin mai mulkin ƙasa. Idan aka ce "Azikiwe ne ya zama shugaban ƙasa lokacin da Najeriya ta zama jamhuriya a 1963", an toshe wannan ƙofa.

Haka zancen "Ghana ce ƙasa ta farko da ta samu 'yancin kai a Afirka kudu da Sahara", wanda ake maimaitawa har ya zama kamar karatun allo. Ghana ta samu 'yancinta ranar 6 ga Maris 1957. To Sudan fa, wadda ta samu nata ranar 1 ga Janairu 1956? Laberiya fa, da ta ayyana kanta ƙasa tun 1847? Habasha fa, wadda in ban da mamayar Italiya ta 1936 zuwa 1941 ba a yi mata mulkin mallaka ba? Kowane ɓangare yana da abin riƙewa, ya danganta da inda aka ja iyakar "kudu da Sahara" da abin da ake nufi da 'yancin kai. Jimlar da za ta tsaya ita ce: "Ghana ce ta fara samun 'yancin kai a cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila ta mallaka."

Zancen babban birnin Najeriya na farko ma haka yake. Mutanen Lakwaja suna cewa nasu ne, domin a can aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900 lokacin da aka kafa mulkin Arewa. Mutanen Kalaba suna cewa nasu ne. Zungeru ma ta yi zaman hedikwatar Arewa daga 1902 kafin a koma Kaduna. Amma ƙasa ɗaya mai suna Najeriya ba ta samu ba sai 1 ga Janairu 1914, kuma Ikko ce babban birninta. Duk tambayar da ba ta ce "hedikwatar Arewa" ko "bayan haɗewar 1914" ba, an shuka rigima.

"Ya kafa" kuma tana ruɗar mutane saboda sunan da ya fi shahara yakan rufe na sauran. Ana danganta jam'iyyar NEPU da Malam Aminu Kano, kuma ba a yi kuskure ba wajen kiransa jagoranta. Amma an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 a hannun mutum takwas, shi kuwa a lokacin yana aikin koyarwa a Maru. A ce "ya jagoranci", kada a ce "ya kafa".

Mataki na uku: shekaru, kalanda da iyakoki

Abubuwa da yawa a tarihi suna da rana biyu, kuma duka biyun daidai ne. Gwamnatin Janar Murtala ta yi dokar kafa Abuja a Fabrairu 1976, amma ba a tare a can ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida. Nijar ta zama jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, cikakken 'yancin kai kuma sai 3 ga Agusta 1960, kuma har yau ana bikin ranakun biyu. An ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, amma ba a fara ba-ta-kashi ba sai 6 ga Yuli. Saboda haka aikatau ɗin jimla shi ne komai: "an yi doka", "an tare", "an ayyana", "an fara yaƙi". Kada a yi amfani da "ta zama" inda za a iya fassara ta ta hanya biyu.

Sai batun Hijiriyya da Miladiyya, wanda ya shafi duk tambayar da ta taɓa zamanin jihadi. Malaman wancan lokaci da Hijiriyya suka yi lissafi. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka shekarar Hijiriyya ɗaya kusan kullum takan ratsa shekarun Miladiyya biyu. Shekarar 1218 ta fara a Afrilu 1803, ta ƙare a Afrilu 1804. Hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu ta auku a Fabrairu 1804, wato cikin 1218. Yaƙin Tafkin Kwatto kuwa a Yuni 1804 aka yi shi, lokacin an riga an shiga 1219. Ka ga abu biyu a shekarar Miladiyya ɗaya amma a shekarun Hijiriyya daban. Wanda ya juya 1218 a gurguje zai samu 1803, ya rantse cewa littafin da ya ce 1804 ya yi kuskure. Don gwaji na sauri, a ninka shekarar Hijiriyya da 0.97 a ƙara 622, amma a sani wannan lissafi yana iya kaucewa da shekara ɗaya. Idan ba a san watan ba, kada a gina tambaya a kan bambancin shekara ɗaya. Mai son jimlar ƙarya ya nisanta ta sosai: ya ce 1820, kada ya ce 1803.

Shekarun sarakunan dā sun fi wannan rauni. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa. Shekarun da muke haddacewa, irin su 999 na Bagauda ko 1463 zuwa 1499 na Muhammadu Rumfa, lissafi ne da aka yi ta hanyar ƙirgawa baya, kuma sun yaɗu ne ta fassarar Turanci da Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya yi a 1908. Ana iya tambaya a kan jerin sarakuna, misali wa ya riga wani tsakanin Yaji da Rumfa. Amma a ce "Bagauda ya hau mulki a shekara ta 1000, gaskiya ko ƙarya" zalunci ne ga ɗalibi.

Iyakoki ma suna motsi. Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754, ƙasar Gobir ce a lokacin, yau kuma tana cikin Jamhuriyar Nijar. Babu Najeriya babu Nijar a wancan zamani. Mubi ba ta cikin Najeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairu 1961 yankin ya shigo, aka kira shi Lardin Sardauna. An haifi marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a 1951, jihar Katsina kuwa sai 1987 aka ƙirƙiro ta, kamar yadda Jigawa ta zo a 1991, Zamfara a 1996. A rubuta "a garin Katsina", ko a ƙara "ta yanzu" bayan sunan jihar.

Mataki na huɗu: abin da ba ya shiga wannan zagaye

Akwai maganganun da komai gyaran jimla ba za su dace da gaskiya ko ƙarya ba. Na farko, abin da masana suka yi saɓani a kansa. Sarauniya Amina ta Zazzau misali ce babba. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15, wasu ruwayoyin kuma sun sa ta a ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Tazarar ta haura shekara ɗari. Alƙalin gasa ba shi da hurumin yanke abin da masana tarihi ba su yanke ba.

Na biyu, labarin kafuwar al'umma. "Bayajidda ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu": idan ka ce gaskiya, malamin tarihi zai nemi shaida, idan ka ce ƙarya, ka taɓa abin da mutanen Daura da Hausawa da yawa suke girmamawa. Ba a jefar da irin wannan tambaya, jingina ta ake yi ga mai ita: "A labarin da ake bayarwa a Daura, a rijiyar Kusugu Bayajidda ya kashe macijiya." Yanzu abin da ake gwadawa shi ne sanin labarin, kuma amsar ɗaya ce. Jerin Hausa Bakwai ya zauna daram, wato Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram, ana iya tambaya a kansa. Jerin Banza Bakwai kuwa yakan bambanta daga littafi zuwa littafi, gara a bar shi.

Na uku, hukunci da dalili: "Haɗewar 1914 ta amfani Arewa", ko "Haraji ne ya jawo jihadi". Waɗannan na zauren muhawara ne. Haka nan adadin waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen dā, domin kowane ɓangare da nasa lissafin.

Mataki na biyar: madogara da katin tambaya

Kowace tambaya tana buƙatar madogara biyu waɗanda ba su kwafi juna ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa. Shafuka goma a intanet da suka faɗi abu ɗaya da kalmomi iri ɗaya madogara ɗaya ce. Alamar kwafi ita ce kuskuren rubutu ko baƙon lafazi da ke maimaituwa a dukkansu. A fifita takardun lokacin da abin ya faru, kamar dokar gwamnati, jaridar ranar ko wasiƙa, sai littattafan masana da suka nuna inda suka samo maganarsu, sai littafin makaranta. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ko Facebook yana iya zama mafarin bincike, ba ya zama hujja.

A rubuta kowace tambaya a kati ɗaya, a sa abu biyar: jimlar yadda za a karanta ta, amsa, gyaran jimlar idan ƙarya ce, madogara biyu da lambar shafi, da ƙorafin da ake tsammani tare da martaninsa. Sannan a miƙa katunan ga wani malami da bai sa hannu a rubutun ba, aikinsa guda ne: ya nemi hanyar da zai kare amsar da ta saɓa wa ta kati. Duk tambayar da ya iya karewa da hujja mai ma'ana, a gyara ta ko a ajiye ta.

Idan ana buƙatar tambaya 30, a shirya 40, goma su zama na ko-ta-kwana. A daidaita yawan gaskiya da ƙarya kusa da juna, a gauraya su ba bisa wani tsari ba. A kula da tsawon jimla, domin masu rubutu sukan tsawaita jimlar gaskiya da bayanai su gajarta ta ƙarya, kuma yara masu wayo suna gane wannan tun a tambaya ta biyar. A guji kore biyu a jimla ɗaya, irin "ba gaskiya ba ne cewa bai halarta ba", don wannan gwajin kunne ne.

Mataki na shida: ranar gasa

Kafin tambaya ta farko a karanta dokokin ƙorafi a gaban kowa. Alƙalai su zama uku don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki, kuma wanda ya rubuta tambayoyin kada ya zama ɗaya daga cikinsu, ya zauna kusa don a nemi bayaninsa. Mai gabatarwa ya karanta jimla sau biyu, kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. Sau da yawa tambaya mai kyau a bakin mai gabatarwa take lalacewa, idan ya ga kamar yara ba su gane ba ya sake faɗinta da nasa kalmomin.

Mai canki-canka yana samun kusan rabin maki a wannan zagaye: cikin tambaya 20 zai dace da wajen 10 ko bai buɗe littafi ba. Hanya biyu ake rage wannan. Ko dai a ba da maki ɗaya ga amsa daidai a cire ɗaya ga kuskure, a kuma yarda ɗalibi ya ce ya wuce. Ko kuma, wadda ta fi amfani ga ilimi, duk wanda ya ce ƙarya ya faɗi daidai ɗin kafin ya samu maki na biyu. "Sarauniya Elizabeth ta halarci bikin 'yancin kan Najeriya a 1960." Ƙarya, maki ɗaya. Gimbiya Alexandra ce ta wakilce ta, maki na biyu.

Ƙorafi shugaban tawaga ko malaminsu kaɗai ke ɗaga shi, da zarar an faɗi amsa, amma a saurare shi a ƙarshen zagaye don kada gasa ta tsaya. A ba shi minti biyu, kuma ya kawo abu uku: kalmar da yake ƙorafi a kanta, abin da yake ganin daidai ne, da inda ya samo. Ga yadda ƙorafi mai kyau yake: "Allah ya gafarta malam, ƙorafinmu a kan kalmar 'ta zama' ne. An yi dokar Abuja a 1976, an tare a 1991, jimlar ba ta nuna wanne ake nufi ba." Wannan ana iya aunawa. "Haka malaminmu ya koya mana" ko "ai kowa ya sani" ba a iya aunawa, kuma alƙali ya faɗi haka cikin mutunci ba tare da ya kunyata yaro ko malaminsa ba.

Hukunci iri uku ne. Idan kati ya riga ya amsa ƙorafin, amsa ta tsaya, a karanto madogarar kowa ya ji. Idan ta tabbata amsar kati kuskure ce, a juya ta ga dukkan tawagogi, har da waɗanda ba su yi ƙorafi ba. Idan jimlar na ɗaukar fahimta biyu, a soke ta a ɗauko ta ko-ta-kwana. Kada a ce an ba kowa maki don a zauna lafiya, musamman inda tawaga ɗaya ce ta amsa tambayar, domin hakan kyauta ce ga ɓangare guda. Idan an wuce minti biyar alƙalai ba su daidaita ba, wannan kansa shaida ce cewa tambayar ba ta tsaya ba, a soke.

Gwaji a kan tambaya ɗaya

"Matar Gwamna Lugga ce ta raɗa wa Najeriya suna a 1914." A rarraba ta. Wace ce? Flora Shaw, 'yar jarida. Me ta yi? Ta ba da shawarar sunan a wani rubutu a jaridar The Times ta Landan. Yaushe? Janairu 1897. Matarsa ce a lokacin? A'a, sai 1902 suka yi aure. Kuma tun 1900 ana amfani da sunan a hukumance ga yankin Arewa da na Kudu, shekara 14 kafin haɗewa. Idan kati ya ce gaskiya, ya yi kuskure a shekara. Idan ya ce ƙarya, ɗalibin da ya san labarin Flora Shaw zai ji an yaudare shi, tunda bai san ko sunan ake gwadawa ko shekarar ba. Daga wannan jimla guda ana iya fitar da tambayoyi biyu masu tsabta: "Flora Shaw ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897", gaskiya, "An fara amfani da sunan Najeriya ne a 1914", ƙarya.

Saura matsala ɗaya da ke yawan tasowa a gasar makarantu: littafin da aka ce yara su karanta shi ne ya yi kuskuren. Idan masu shirya gasa sun sanar tun farko cewa daga littafi kaza za a ɗauko tambayoyi, ba a hukunta yaron da ya bi littafin, ba a kuma hukunta wanda ya kawo hujjar da ta fi ta littafin ƙarfi. A soke tambayar, shugaban alƙalai ya faɗi daidai ɗin a bainar jama'a, a rubuta gyaran a bayan katin tare da shafin da kuskuren yake, sannan a aika wa malaman tarihi na makarantun da suka shiga gasar kafin zangon karatu na gaba.